Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Sanin da Bahaushe ya yi wa kifi sanin tukunya ne. Tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, giwan ruwa, gaiwa: kowane suna yana tafe da ɗanɗanonsa da farashinsa da irin miyar da ta dace da shi. Kifin da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba kuwa, sai dai a shanya shi a sayar da awo, ba mai tambayar sunansa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da maƙwabta suka ɗauki wani tsohon malamin kimiyyar halittu na birnin Yamai a matsayin mutumin da hutun ritaya ya yi wa yawa, sa'ad da suka ji yana kiwon kifin da ba a ci, cikin akwatin gilashi, a ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidansa.

Mutumin ƙasar Damagaram ne, inda yaro yake tashi ya tarar ana ƙidayar ruwa garwa-garwa. Ya yi shekaru masu yawa yana zana kifi da alli a kan allo, yana faɗa wa ɗalibai yadda yake numfashi da yadda yake hayayyafa, alhali shi da su ba wanda ya taɓa ganin abin da idonsa. Da ya ajiye alli, sai ya ƙudura cewa zai ga darasin da ya daɗe yana karantarwa. Kifin da ya zaɓa ɗan ƙarami ne daga dangin karfasa, cikin rukunin da masu wannan kiwo suke kira wadannin karfasa, domin sifarsu ta karfasa ce amma girmansu ya tsaya. Namiji yakan kai santimita 10 ko ya ɗan ɗara, mace kuwa da wuya ta wuce 8.

Masana suna kiransa Pelvicachromis pulcher. George Boulenger, masanin kifi ɗan asalin Beljiyam da ya yi aiki a gidan tarihin halittu na Landan, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1901, kuma kalmar pulcher a Latin ma'anarta kyakkyawa. A 1913 aka fara kai shi Jamus da rai. A kasuwannin Turai an fi saninsa da suna kribensis, sunan da ya samo tushe daga garin Kribi na Kamaru, kodayake asali sunan wani ɗan'uwansa ne aka laƙaba masa. Babban mazauninsa ƙoramun kudancin Najeriya ne, a yankin da kogin Isa yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Wannan shi ne abin da ya fara jan hankalin malamin. Kogin da yake gani kullum a ƙarƙashin gadar Yamai, wanda ya taso daga tsaunukan Gini ya ratsa Bamako da Gawo, shi ne yake wucewa Gaya ya shiga Najeriya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya ƙare tafiyarsa ta kusan kilomita 4,200 a ƙasar wannan ɗan kifi. Sai dai kogi ɗaya ba ruwa ɗaya ba ne. Na Yamai yana ɗauke da laka, yana kwance a fili ƙarƙashin rana. Ƙoramun can kuwa inuwar kurmi ta rufe su, ganyaye suna zuba cikinsu suna ruɓewa, ruwan ba ya ɗauke da gishirin ƙasa mai yawa, kuma galibi yana da ɗan tsami.

Ɗan ƙanwarsa mai fatauci zuwa Legas shi ya ɗauki nauyin kawo su, daga hannun masu tattara kifin ado da masunta suka kamo domin fitarwa waje. Da aka yi maganar, yaron ya ce: «Kawu, gobe ma in kana so sai in taho da su.» Malam ya ce masa ya jira wata guda da rabi. A tsawon wannan lokaci akwatin yana nan cike da ruwa, da yashi a ƙasansa, da ƴan tsirrai da guntun itace, ɗan famfon iska yana ta busa cikin soson da ke tace ruwa, amma babu kifi ko ɗaya. Uwargidansa ta leƙa ɗakin wata rana ta ce: «Malam, an ce kiwon kifi za ka yi, ashe kiwon ruwa ne.» Da ba'a ta faɗe shi, amma duk littattafan da ya karanta ba wanda ya taƙaita masa al'amarin kamar wannan magana.

Dalilin jiran a fili yake ga wanda ya san kimiyya. Kifi yana fitar da ƙazantarsa cikin ruwan da yake shaƙa, kuma mafi haɗarin abin da ke cikinta shi ne sinadarin amoniya. A kogi ruwa mai gudu yana tafiya da ita. A akwati ba inda za ta je, sai in an sami wasu ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da amoniya nitirit, wanda shi ma guba ne, da wasu da ke mayar da nitirit nitirat, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma ana rage shi ta hanyar sauya wani kaso na ruwan kowane mako. Waɗannan ƙwayoyi ba a ganinsu, ba a kuma gaggauta su: sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su zauna cikin soso da yashi. Ruwan famfo ma sai an ajiye shi a buɗe ya kwana, kulorin ɗin da aka zuba masa domin lafiyar mutane ya fice, domin abin da ke kare ɗan Adam daga cuta shi ne yake ƙona wa kifi mashaƙarsa.

Kifaye shida suka taso daga Legas cikin leda mai iskar oksijin, huɗu suka iso da rai. Malam bai ɗauki mutuwar biyun da sauƙi ba. Kifin da aka haifa a akwati, iyayensa da kakanninsa a akwati, in ya mutu asarar mai shi ce. Wanda aka kamo daga ƙorama kuwa, an cire shi ne daga wurin da yake da aiki da zuriya, an bar gurbi. A ganin malamin, duk wanda ya karɓi irin wannan kifi ya ci bashin kogi, kuma hanyar biya ɗaya ce: kifin ya hayayyafa, ƴaƴansa su wadatar da masu sha'awa, har ya zama ba sai an sake jefa koma dominsu ba.

Huɗun da suka tsira sun iso a kwaɗe, launinsu kamar toka, suna ɓuya da zarar inuwar mutum ta gifta. Ya killace su wata guda a wani ƙaramin akwati yana lura da su, domin kifin daji kan zo da tsutsotsin ciki da ƙwayoyin cutar fata waɗanda wahalar tafiya take tayarwa. Busasshen abincin gwangwani da kifin shago yake rububi, su ko kallonsa ba su yi ba. Sai da ya koma ga abin da aka sani game da cimarsu a ƙorama, inda suke tsotsar yashi suna tace gansakuka da ruɓaɓɓen ganye da ƴan ƙananan halittu. Ya riƙa ba su tsutsotsin sauro da yake tsamowa kafin su yi fiffike, da ɗan ganyen alayyafo da aka tsoma a ruwan zafi. Sannu a hankali suka saba da shi, daga baya suka karɓi na gwangwanin ma. Launi ya fara dawowa kamar yadda ƙasa take yin kore bayan ruwan fari.

Babban abokin gāba a Yamai zafi ne. Wannan kifi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 27, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin gari yakan haura 40. Bugu da ƙari, ruwa in ya ɗumama iskar da yake riƙewa raguwa take yi, a daidai lokacin da jikin kifi ya fi bukatarta. A nan ilimin tsofaffi mata ya yi wa malamin rana. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda abin da ke tsatsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Sai ya lulluɓe bayan akwatin da jiƙaƙƙen buhu, ya saita fanka tana kaɗa fuskar ruwan, ya tanadi batir domin famfon iska saboda ranakun da wuta take ɗaukewa. In rana ta yi tsanani ya jefa gorar ƙanƙara a rufe, ya tsaya da ma'aunin zafi a hannu, domin saukar zafi farat ɗaya ita ma kisa take yi. Da hunturu kuma al'amarin ya juya, sai ya rufe akwatin da bargo da dare. A haka mutumin da ya yi tsammanin zai zauna ya yi kallo ya sami kansa yana gadin yanayi dare da rana.

Da damina ta sauka ya tari ruwan sama, bayan na farko ya wanke rufin, ya riƙa gauraya shi da na famfo. Ya kifa wani ɗan kasko da ya fasa wa baki a gefe, ya ajiye ƙoƙon kwakwa a ɗaya kusurwar, domin wannan kifi a cikin kogo yake yin ƙwai. Abin da ya biyo baya ya saɓa wa abin da aka saba gani a tsuntsaye, inda zakara da ɗawisu su ne masu ado. A nan macen ce take yin kwalliya, ita ce kuma take neman aure. Cikinta ya yi ja jawur kamar ruwan zoɓo, fiffikenta na baya ya ɗauki ruwan zinariya. Takan zo gaban namiji ta lanƙwashe jiki kamar baka, ta turo masa jan cikin, tana karkarwa. In ya yi biris ta sake. Da ya amsa, sai suka shiga aikin gida tare: suna ɗebo yashi da baki daga cikin kaskon suna tofarwa a waje, har suka tara ɗan tudu a ƙofa wanda ya rage faɗinta.

Wata safiya macen ba ta fito cin abinci ba. Ta manna ƙwayayenta a rufin kaskon daga ciki, ta zauna tana yi musu fifita domin ruwa mai iska ya riƙa ratsa su, tana tsince wanda ya lalace kafin ya ɓata na kusa da shi. Namiji ya kama sintiri a waje. Bayan kamar kwana 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan suka ƙara wasu kwanaki a kwance suna rayuwa da gwaiduwar da ke manne a cikinsu. Sati guda da ɗan abin da ya ɗora, uwar ta fito, wani ɗan hazo yana biye da ita a ƙasa-ƙasa. Sai da malam ya sa tabarau ya gane hazon nan ƴaƴa ne, kowane bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Daga ranar ya ga darasin da bai taɓa iya zanawa da alli ba. Iyayen suna kora garken daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar makiyaya, ɗaya yana tsaro ɗaya yana kiwo, sa'an nan su yi musaya. In wani abu ya gifta, uwar ta karkaɗa fikafikanta da sauri, nan take ƴaƴan duka su zube a kan yashi su yi lamo. Wanda ya bar garke, a bi shi a ɗauko da baki a tofar cikin ƴan'uwansa. Da magariba a mayar da kowa kasko. Jikarsa ƴar shekara bakwai ta ga uban ya hamɓare ɗa guda da baki, ta yi ƙara: «Kaka, ya cinye shi!» Kafin malam ya amsa, an tofo yaron lafiya lau. Akwai kuma wani sirri da masu wannan kiwo suka daɗe da sani: in ma'auratan su kaɗai ne a akwati, ba wanda za su kora, sau da yawa faɗan yakan koma tsakaninsu. In an sa musu ƴan ƙananan kifaye masu yawo a sama, sai su haɗa kai a kan baƙi. Renon yakan ɗauki mako 3 zuwa 4, daga nan a raba ƴaƴan da iyayen kafin sabon ƙwai ya zo. Abincinsu na fari ƴan mitsi-mitsin halittun ruwan gishiri ne da ake kira artemiya, waɗanda ake sayen busasshen ƙwansu a jiƙa a ruwa mai gishiri, su fashe cikin kwana guda ko biyu.

Bayan ƴan watanni, da ƴaƴan suka girma har ana bambance jinsinsu, malam ya ƙidaya ya ga abin mamaki: kusan dukkansu maza ne, matan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan karin maganar ya fito da ma'anarsa ta zahiri. Masana suna auna tsamin ruwa da ma'aunin da suke kira pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da ita ya karkata wajen tsamiya, abin da ya haura ya karkata wajen kanwa. Duk macen da ta taɓa kashe tsamin miya da ɗan ruwan kanwa ta san wannan ma'auni ko ba ta san sunansa ba. A 1985 wani masani mai suna Rubin ya wallafa binciken da ya nuna cewa ƴaƴan wannan dangin kifi in sun tashi a ruwa mai tsami, maza sukan rinjaya, in tsamin ya ragu mata su ƙaru. A 2013 Reddon da Hurd na jami'ar Alberta a Kanada suka gwada renon wannan kifi a pH 5.5 da kuma 6.5, suka sami maza sun fi yawa a na farkon. A wajen ƴan'uwansa na Kudancin Amurka da ake kira Apistogramma, Römer da Beisenherz sun nuna a 1996 cewa zafin ruwa ne babban mai hukunci: in ya ƙaru, maza su yawaita. Ruwan saman da malam ya tara, da guntun itacen da ke jiƙe a ciki, su suka tsamama akwatin. A haihuwa ta gaba ya ƙara kason ruwan famfo, sai mata suka yawaita.

Wannan ya daɗe yana yi masa yawo a zuciya. Iyaye ɗaya, abinci ɗaya, akwati ɗaya, amma abin da ba a gani a cikin ruwa ya shiga har cikin halittar ɗa. Ya tuna azuzuwan da ya riƙe, masu ɗalibai fiye da kujeru, da yaran da aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci tun suna ƙanana, ba tare da wani ya tambayi me suka ci da safe ko da wane harshe ake yi musu magana ba. Bai ce ɗan Adam kifi ne ba. Abin da ya ce wa tsofaffin abokan aikinsa kawai shi ne: kafin a zargi abin da ya fito, a auna abin da ya tashi a ciki.

Wata damuwar ita ce ta zuriya. Daga kifi huɗu duk abin da zai biyo baya dangin juna ne. A nan ma bincike ya zo da abin da ba a zata ba. A 2007 Thünken da abokan aikinsa a jami'ar Bonn ta Jamus sun gano cewa wani ɗan'uwan wannan kifi na kogin Moliwe a Kamaru ya fi son auren ƴan'uwansa na jini, kuma irin waɗannan ma'aurata sun fi haɗa kai wajen reno. Malam ya yi dariya ya ce ashe auren zumunci har a ƙarƙashin ruwa. Amma bai ɗauki hukuncin kogi ɗaya ya ɗora wa kowane kifi ba. Ya raba zuriyar ma'auratansa biyu, yana haɗa ɗan wannan gida da ƴar wancan, yana rubuta komai a littafi. Masu kiwon da suka san abin da suke yi ba sa gauraya kifin koguna dabam-dabam, domin kowane kogi da zanensa da launinsa. Shi ya sa suke kiran na Kamaru da sunayen ruwayensu, irin su Moliwe da Lobe da Kienke, kamar yadda ake kiran shanu da sunan ƙasarsu.

Ko akwatin gilashi zai iya ceton abin da kogi ya rasa? Tambayar ba ta wasa ba ce. Tun da aka sami man fetur a Oloibiri a 1956, ƙoramun yankin suke fama da malalar mai da saran kurmi. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ƙiyasta cewa gyaran ɓarnar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A tafkin Biktoriya kuma, giwan ruwa, wanda a kogin Isa ɗan gida ne, an shigar da shi a shekarun 1950, ya taimaka wajen ɓacewar nau'o'i masu yawa na ƙananan dangin karfasa, har wasunsu a akwatunan masu kiwo da gidajen adana dabbobi aka ci gaba da riƙe su. Duk da haka malam ba ya ɗaukar ɗakinsa jirgin Annabi Nuhu. Kifinsa ba ya cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu, kuma ya san akwati yana adana jiki da launi ne kawai: ba ya adana kurmi, ko ambaliya, ko masuncin da ke ci daga ƙoramar. Kifin fadama ba ya gasa da na gulbi. Abin da akwati zai iya yi ƙarami ne amma na gaske ne, wato ya rage hannun da ke shiga kogi, ya kuma sa yaro ya ga cewa a cikin ruwa akwai uwa da uba da ƴaƴa.

A yau zuriyar kifayen huɗu tana cikin wasu ƴan makarantu da gidajen tsofaffin ɗalibansa. Ba ya karɓar kuɗi, amma yana gindaya sharaɗi uku. Na farko, kada a saki ko ɗaya a kogi ko tafki, komai gajiyar mai shi, a dawo masa da shi. Yakan tuna wa mutane cewa tsiron nan mai shuɗin fure da ke toshe kogin Isa yana hana jirage da koma wucewa, daga Kudancin Amurka ya fito, kuma a matsayin abin ado ya yaɗu a duniya. Na biyu, a rubuta asalin kowane kifi da ranar haihuwarsa. Na uku shi ne wanda ya fi korar mutane: mai so ya je ya kafa akwatinsa, ya zuba ruwa da yashi, ya kula da shi wata guda da rabi babu komai a ciki, sa'an nan ya kawo ruwan a kwalba a auna. Da yawa ba sa dawowa. Waɗanda suka dawo da kwalbarsu a hannu, su yake ba kifi.